Zaɓen Kayan Haɗa Kwamfutar Wasa Daidai da Ƙarfin Aljihu

Gabatarwa

A shekarar 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fitar da kwamfutar nan da aka fi sani da IBM PC. Yawancin kayan cikinta ba shi ya ƙera su ba: ƙwaƙwalwarta daga kamfanin Intel ta fito, manhajar da ke tafiyar da ita kuwa daga Microsoft. Har ila yau kamfanin ya buga cikakken bayanin tsarinta, abin da ya ba wasu kamfanoni damar ƙera kayan da za su dace da ita. A 1995 kuma Intel ya fito da tsarin ATX, wanda ya tsayar da girman babban allon kwamfuta, da wuraren ɗaure kusoshinsa, da irin wayoyin da ke kai masa wuta. Wannan ne dalilin da ya sa a yau mutum zai iya sayen kaya bakwai daga kamfanoni bakwai, ya zauna da sukundireba ɗaya, ya haɗa kwamfutar da za ta yi aiki.

Wahalar ba a ɗaure kusoshi take ba, a wajen zaɓe take. Ɗalibin da ya shekara yana tari zai iya zuba rabin kuɗinsa a kan abin da ba zai ƙara wa wasansa kome ba, ko ya sayo kaya biyu masu kyau waɗanda ba su shiga juna. Wannan darasi zai bayyana ƙa'ida guda wadda ke tsare mai saye daga irin wannan asara, watau daidaito tsakanin kayan, sa'an nan ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Aikin da Wasa Yake Ɗora wa Kwamfuta

Motsin da ake gani a fuskar allo ba motsi ba ne na haƙiƙa, hotuna ne tsayayyu da ake jerawa da sauri har ido ya ɗauka abu ɗaya ne ke tafiya. Fim ɗin silima yakan nuna hotuna 24 a kowane sakan, amma waɗannan an riga an ɗauke su, nunawa kawai ake yi. A cikin wasa kuwa babu hoton da ke ajiye. Duk lokacin da mai wasa ya motsa hannunsa, dole kwamfuta ta lissafa inda kowane abu yake, da hasken da ya faɗo masa, da inuwarsa, ta zana sabon hoto nan take.

Masu wasa sukan nemi hotuna 60 a sakan domin motsi ya tafi sumul. Idan aka raba sakan gida dubu, kowane kashi sunansa milisakan. Ke nan kwamfuta tana da milisakan 16.7 kacal ta gama kowane hoto. Shi kuma hoton ɗigogi ne ƙanana jere reras. Allon da ake kira 1080p yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimla 2,073,600. A hotuna 60, ana bukatar a ba ɗigo sama da miliyan 124 launi a kowane sakan. Allon 1440p yana da ɗigo 3,686,400, na 4K kuwa 8,294,400, watau ninki huɗu na 1080p.

Daga nan shawara ta farko ta fito. Tun kafin a tambayi farashin kome, a tsayar da irin allon da za a yi wasa a kansa da irin wasannin da ake so. Mai ƙaramin ƙarfi ya tsaya a 1080p, domin duk ɗigon da aka ƙara aiki ne aka ƙara, aikin kuwa da kuɗi ake biyansa.

Shanun Huɗa Biyu

Abubuwa biyu ne ke raba aikin kowane hoto. Na farko ita ce ƙwaƙwalwar sarrafawa, wadda 'yan kasuwa ke kira CPU ko furosesa. Ita ke bin dokokin wasa, ta karɓi umarnin mai wasa, ta san wanda ya motsa da inda ƙwallo ta faɗa. Na biyu shi ne katin zane, wanda ke ɗauke da guntun da ake kira GPU. Shi ke karɓar bayanin da ƙwaƙwalwa ta shirya ya mayar da shi hoto.

Manomin da ya ɗaura ƙaƙƙarfan sa da rarrauna a garma ɗaya ya san huɗar ba za ta wuce saurin rarraunan ba. Haka abin yake a nan. A ɗauka ƙwaƙwalwa tana gama nata aikin cikin milisakan 10, watau za ta iya shirya hotuna 100 a sakan, shi kuma kati yana cin milisakan 25, watau hotuna 40. Abin da zai bayyana a allo hotuna 40 ne. Idan aka sayo ƙwaƙwalwa mai tsada wadda ke gamawa cikin milisakan 5, hotuna 40 ɗin nan dai za a ci gaba da gani, sai dai ta daɗa zaman jira. Amma idan aka bar tsohuwar ƙwaƙwalwa aka sauya kati da mai gamawa cikin milisakan 12.5, nan da nan hotuna za su koma 80. Kuɗi iri ɗaya, a wuri ɗaya sun ninka sauri, a ɗayan sun tafi a banza. A yawancin wasannin zamani kati ne ke fara gajiya, saboda haka shi ya cancanci kaso mafi tsoka.

Katin Zane

A farkon shekarun 1990 wasanni irin su Doom na 1993 a kan ƙwaƙwalwa kaɗai suke dogara wajen zane. A 1996 kamfanin 3dfx ya fitar da katin Voodoo, a 1999 kuma Nvidia ya fitar da GeForce 256, wanda ya tallata a matsayin GPU na farko. Hikimar katin ita ce yawan hannuwa. Ƙwaƙwalwa tana da ƙwayoyin sarrafawa kaɗan masu ƙarfi, kamar shida ko takwas, alhali katin GeForce RTX 3060 yana da ƙananan ƙwayoyi 3,584. Kowace ba ta da ƙarfin a zo a gani, amma da yake launin wannan ɗigo ba ya jiran na wancan, sai su yi wa hoton aikin gayya.

Wajibi ne mai saye ya iya karanta sunan kati. A katunan Nvidia, lambobin farko suna nuna zuriya, biyun ƙarshe suna nuna matsayi a cikin zuriyar. RTX 3060 ɗan zuriya ta 30 ne mai matsayi na 60. Don haka babbar lamba ba kullum take nufin ƙarfi ba: RTX 3080 na 2020 ya fi RTX 4060 na 2023 ƙarfi, ko da yake ya fi shi shan wuta nesa ba kusa ba.

Kati yana da tasa ma'ajiyar, inda yake ajiye zane-zanen da yake aiki da su. Gigabait 8 yakan wadatar a 1080p ga mafi yawan wasanni, ko da yake wasu sababbi sukan nemi fiye da haka idan aka ƙure ingancin hoto. Sai dai a yi hattara da ruɗin lamba. Akwai katin GeForce GT 730 mai gigabait 4, amma guntun da ke cikinsa rarrauna ne ƙwarai, ba zai ja wasan zamani ba. Girman rumbu ba shi ne yawan hatsi ba.

Daga cikin katunan da suka yi suna wajen masu matsakaicin ƙarfi akwai Radeon RX 6600 na kamfanin AMD, wanda ya fito a 2021 da gigabait 8, yana shan wat 132. Akwai RTX 3060 na wannan shekarar mai gigabait 12 da wat 170, da RTX 4060 mai gigabait 8 da wat 115, wanda aka fara sayarwa dala 299. A watan Disamba na 2024 Intel ya fitar da Arc B580 mai gigabait 12 a kan dala 249. Hanyar kwatanta su ita ce a duba sakamakon gwajin da aka yi musu a wasa ɗaya, a raba farashi da yawan hotuna, a ga wanda ya fi ba da hoto a kan kowace naira.

Ƙwaƙwalwa da Babban Allo

Tunda aikin ƙwaƙwalwa shi ne kada ta tsayar da kati, mai ƙwayoyi shida ta ishi matsakaiciyar kwamfuta. Misalai biyu su ne Ryzen 5 5600 ta AMD da Core i5-12400F ta Intel, waɗanda duka suka fito a 2022. Harufan ƙarshe suna da ma'ana. F a wajen Intel na nufin babu sashen zane a cikinta, don haka ba za ta nuna kome ba sai da kati. G a wajen AMD, kamar Ryzen 5 5600G, na nufin tana da sashen zane nata. Wannan ƙofa ce ga wanda kuɗinsa ba su kai ba: zai iya fara wasanni marasa nauyi da ita, ya ƙara kati daga baya.

Ƙwaƙwalwa tana zama ne a wani gurbi a jikin babban allo, wanda ake kira madabod. Shi ne ke haɗa dukan kayan, kuma a nan aka fi yin kuskuren saye, domin kowace ƙwaƙwalwa da irin gurbinta. Ryzen 5 5600 gurbin AM4 take shiga, wanda AMD ya fito da shi a 2016. A 2022 ya kawo AM5, kuma ta wancan ba ta shiga wannan. Core i5-12400F kuwa gurbin LGA1700 na 2021 take bukata. Ko gurbi ya dace ma, tsohon allo irin B450 yakan bukaci a sabunta ƙaramar manhajarsa da ake kira BIOS kafin ya gane Ryzen ta zuriyar 5000. Kowane kamfani yakan buga jerin ƙwaƙwalen da allonsa ke karɓa, a duba shi kafin a biya.

Allo mai tsada ba ya ƙara yawan hotuna. Abin da yake ƙarawa shi ne yawan ramukan sa kaya da fitilun ado. Mai tattali ya ɗauki ƙaramin nan da ake kira micro-ATX, muddin yana da ramukan da yake bukata.

Ma'ajiyar Aiki da Rumbun Ajiya

RAM ita ce ma'ajiyar wucin gadi, kamar teburin da ɗalibi ke baza littattafan da yake karantawa yanzu. Da an kashe wuta, abin da ke cikinta ya tafi. Gigabait 16 ita ce madaidaiciya ga wasa. Iri biyu ne a kasuwa, DDR4 da DDR5, kuma tsagar da ke ƙasan kowane sanda ba a wuri ɗaya take ba, saboda haka ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya. AM4 yana karɓar DDR4 kaɗai, AM5 kuma DDR5 kaɗai. Allunan LGA1700 wasu na wannan ne wasu na wancan, sai an karanta jikin kwali.

Akwai ribar da ake samu kyauta a nan. Ƙwaƙwalwa tana da hanyoyi biyu na zuwa RAM. Sanda ɗaya na DDR4-3200 yana iya wuce da gigabait 25.6 a sakan, sanduna biyu kuwa a ramukan da suka dace suna kai 51.2. Don haka sanduna biyu masu gigabait 8 kowanne sun fi sanda ɗaya mai 16, musamman ga ƙwaƙwalwa mai G, wadda sashen zanenta da RAM yake aiki.

Rumbun ajiya shi ne inda wasanni ke zama ko an kashe wuta. Tsohon rumbu mai faifai, wanda ke juyawa sau 7,200 a minti, yakan karanta megabait 100 zuwa 200 a sakan. SSD, wanda ba abin da ke motsi a cikinsa, yakan kai kimanin 550 idan mai wayar SATA ne, 3,500 zuwa 7,000 idan na NVMe ne, gwargwadon zuriyarsa. SSD ba ya ƙara yawan hotuna, lokacin jiran wasa ya buɗe yake ragewa. Matsakaici mai gigabait 500 ko terabait 1 ya isa a fara, tunda rumbu shi ne abin da ya fi sauƙin ƙarawa daga baya.

Akwatin Wuta

A nan ne araha ba ta ado. Wutar gida a Nijeriya da Nijar mai kai-da-komo ce, bolt 220 zuwa 230, kayan kwamfuta kuwa miƙaƙƙiyar wuta suke bukata ta bolt 12 da 5 da 3.3. Akwatin wuta ne ke yin wannan juyi, kuma kowane abu a cikin kwamfutar daga gare shi yake sha. Idan kati ya gaza, wasa ne kawai zai yi nawa. Idan akwatin wuta maras kariya ya ƙone, yana iya tafiya da allo da kati gaba ɗaya.

Ana gane girman da ake bukata ta hanyar tarawa. Ryzen 5 5600 an ƙiyasta mata wat 65, RX 6600 wat 132, sauran kaya a ba su kimanin 50. Jimla wajen wat 250 ke nan. Akwati mai wat 500 ko 550 zai yi aiki da rabin ƙarfinsa, inda ya fi inganci, kuma ya bar sarari ga babban kati nan gaba. A kuma duba wayoyi: ramin da kati ke zama yana ba da wat 75 ne kawai, sauran daga waya mai baki shida, wat 75, ko mai baki takwas, wat 150, yake zuwa.

Tun 2004 akwai shaidar da ake kira 80 Plus, wadda ke nuna akwatin yana miƙa aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ya ja. Idan kwamfuta na bukatar wat 300, irin wannan akwati zai ja 375 daga bango, wat 75 su zama zafi. Shaidar mizanin tattalin wuta ce, ba ta isa ita kaɗai ta tabbatar da nagarta ba, don haka a haɗa da neman sanannen kamfani da garanti. Inda wuta ke ɗaukewa ko take hawa da sauka, UPS ko sitabilaiza na cikin lissafin kwamfutar, ba abin da za a bari sai an samu rara ba.

Zafi da Ƙura

Kusan duk wutar da kwamfuta ta sha zafi take komawa. Idan guntu ya yi zafi fiye da ƙima, yakan rage saurinsa da kansa don kada ya lalace, sai mai shi ya rasa ƙarfin da ya biya. Fanka ba ta iya sanyaya abu ƙasa da zafin iskar ɗaki, saboda haka kwamfutar da ke aiki a bazarar Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke haura digiri 40, ta fi bukatar iska bisa wadda ke ƙasa mai sanyi. A zaɓi gida mai raga a gaba, da fanka mai jawo iska da mai fitarwa, a kuma auna tsawon kati kafin a saya. Lokacin hunturu ƙura takan toshe raga, sai a riƙa sharewa. Busasshiyar iskar wannan lokaci kuma tana sa lantarki ya taru a jikin mutum, don haka mai haɗawa ya taɓa ƙarfen gidan kafin ya ɗauki kowane guntu, ya kuma riƙe shi ta gefe.

Kayan Hannu na Biyu

Ƙwaƙwalwa da RAM ba su cika lalacewa ba, don haka sayen tsofaffinsu hanya ce ta rage kuɗi. Kati yana bukatar bincike. A 2020 da 2021 katuna sun yi ƙaranci da tsada, a wani ɓangare saboda masu haƙar kuɗin intanet. Da Ethereum ta daina amfani da wannan hanya a Satumba 2022, sai katunan da suka yi aiki dare da rana suka cika kasuwa. Da yawa lafiyarsu lau, amma sai an gwada akan san na ƙwarai: a sa wasa mai nauyi na rabin sa'a, a lura da zafi, da ƙarar fanka, da ɗigogi ko layukan da ba na hoton ba. Akwatin wuta da rumbu kuwa gara a saye su sababbi. Har ila yau, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida ba ta karɓar yawancin ƙwaƙwalen da suka girmi zuriya ta 8 ta Intel ko Ryzen 2000.

Misalin Rabon Kuɗi

Idan aka raba kuɗin gida 100, ban da allon kallo da UPS, ga rabon da za a iya farawa da shi: katin zane 38, ƙwaƙwalwa 17, babban allo 13, RAM 9, akwatin wuta 9, rumbu 8, gida da fankoki 6. Wannan jagora ne kawai, domin farashi yana sauyawa. A ƙarshen 2025, alal misali, farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo saboda bukatar manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira. Idan kuɗi suka gaza, a rage daga gida da ado da girman rumbu, kada a taɓa akwatin wuta.

Kammalawa

Kwamfutar wasa ba ta wuce saurin abin da ya fi rauni a cikinta. Mai saye ya fara da allon kallo da wasan da yake so, ya zaɓi katin da zai ja su, ya nemi ƙwaƙwalwar da ba za ta tsayar da katin ba, sa'an nan allo da RAM da suka dace da ita, ya rufe da akwatin wuta amintacce. Bayan an gama haɗawa, wayar allon kallo a jikin kati ake sa ta, ba a jikin babban allo ba, in ba haka ba katin da ya ci kaso mafi yawa zai zauna ba aiki.

Tambayoyi

1. Milisakan nawa kwamfuta ke da shi don kowane hoto idan ana son hotuna 30 a sakan? Idan 144 ne fa?
2. Ƙwaƙwalwa tana gama hoto cikin milisakan 8, kati cikin 20. Hotuna nawa za a gani a sakan, kuma wanne ya kamata a sauya?
3. Ɗigo nawa kati zai zana a sakan a allon 1440p mai hotuna 60?
4. Kwamfuta tana bukatar wat 340, akwatin wutarta yana miƙa kashi 85 cikin ɗari. Wat nawa zai ja daga bango, nawa kuma za su zama zafi?
5. Wani ya sayi Ryzen 5 5600 da allon AM5 da RAM irin DDR4. A bayyana abin da ya dace da wani da abin da bai dace ba.